Awa Ɗaya a Mako: Idan Malamai Suka Zauna a Kan Littafin Yaro

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na faɗakarwa kan karatun 'ya'yanmu. Muna gaida mutanen Nima da Mamobi, da na Sabon Zango, Fadama, Sukura da Madina. Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu mata da ke zaune gaban kayansu a Kasuwar Makola, masu atamfa da masu kayan miya, da 'yan uwanmu 'yan tireda na Tudu, da direbobin trotro da ke jin mu a kan hanya. Allah ya kawo kasuwa, ya sa a tashi lafiya.

Yau maganarmu a kan awa ɗaya ce tak a cikin mako. Awa ce da yawancinmu iyaye ba mu san da ita ba, alhali tana iya zama sanadin yaronka ya gane karatu ko ya ci gaba da lalube a cikin duhu. Ita ce awar da malaman makaranta ɗaya suke ajiye alli, su ja kujeru su zauna tare, su tsara darasi, su kuma waiwayi wanda suka riga suka koyar don su ga inda ya shiga da inda ya tsaya a bakin ƙofa.

A watan Satumba na 2019 ne Gana ta fara aiki da sabuwar manhajar karatu, daga ajin rainon yara zuwa aji shida na firamare. Majalisar tsara manhaja ta ƙasa, NaCCA, ita ta rubuta ta, Hukumar Ilimi ta Gana kuma ta kai ta makarantu. Tare da manhajar aka zo da wani tsari da malamai ke kira PLC: kowane mako malaman makaranta su keɓe lokaci su zauna su koya daga junansu. A makarantu da yawa ranar Laraba ake yin wannan zama. Daga baya tsarin ya hau zuwa manyan makarantun sakandare, inda ƙungiyar T-TEL ta haɗa hannu da Hukumar Ilimi wajen shirya littattafan jagora na zaman, kafin sabuwar manhajar sakandare ta fara aiki a 2024. Saboda haka, Hajiya, idan ɗanki yana makarantar gwamnati a Nima ko Kanda ko Mamobi, malamansa suna da wannan zama a cikin jadawalinsu. Abin da ya rage a tambaya shi ne, me ake yi a cikinsa?

Kafin mu amsa, mu duba abin da ya kawo buƙatarsa. A 2013 an gwada karatun 'yan aji biyu na firamare a faɗin ƙasar nan, aka sake gwadawa a 2015. Sau biyun sakamakon bai yi daɗin ji ba: kashi 2 cikin 100 ne kacal, ko ma ƙasa da haka, suke iya karanta rubutu sumul su kuma fahimci abin da suka karanta. Yaran nan suna zuwa makaranta, malamai suna shiga aji, ana rubutu a allo, ana kwafa, ana tashi. Amma tsakanin bakin malami da kan yaro wani abu yana zubewa a hanya.

Mu 'yan Zango muna da ƙarin nauyi a kan wannan. Akwai harsunan da gwamnati ta amince a yi amfani da su a makarantu, irin su Ga da Tuwi da Ewe da Dagbani, kuma Hausa ba ta cikinsu. Yaron Nima yakan tashi da Hausa a gida da lungu, wani ma da Zabarmanci ko Kotokoli ko Fulatanci a ɗakin uwarsa, ya je makarantar allo ya haɗu da Larabci, ya shiga boko ya tarar da Turanci da Ga. Malamar da aka turo masa wataƙila daga Ho ta fito ko daga Kumasi, ta ƙware a aikinta, amma ba ta jin harshen da yaron yake tunani da shi. Idan ta rufe ƙofar ajinta ita kaɗai, wa zai gaya mata cewa shirun da yaran suka yi na rashin gane kalma ɗaya ne? A ɗakin da ke jikin nata kuwa akwai malami ɗan unguwa da zai warware mata matsalar cikin minti biyu. Shekara guda za su iya yi suna gaisawa kullum da safe, ba tare da wannan magana ta taɓa haɗa su ba. Zaman mako shi ne ƙofar da ake buɗewa tsakanin ɗakunan nan biyu.

Bari in kwatanta muku yadda zama mai amfani yake gudana, don ku gan shi kamar kuna ciki.

A ce malaman aji biyu da aji uku ne suka zauna. Malama ta zo da littattafan aikin ajinta, ta aje a tsakiya. Ta ce, "Na koyar da debewa mako biyu, na ba su wannan lissafi, 52 a debe 27, da yawansu sun faɗi." Da a ce ita kaɗai ce, jan biro za ta sa ta soke, ta rubuta sifiri, ta ce yaran ba sa mai da hankali. Amma yau akwai idanu da yawa a kan littattafan. Sai wani malami ya lura cewa waɗanda suka faɗi, amsa ɗaya suka bayar: 35. Amsar gaskiya 25 ce. Me ya sa yara da yawa, waɗanda ba kujera ɗaya suke zaune ba, za su haɗu a kan kuskure iri ɗaya? Sai a bi sawu. A gidan ɗaiɗai akwai 2 a sama, 7 a ƙasa. Yaron ya ga ba a debe 7 daga 2, sai ya juya su, ya debe 2 daga 7, ya sami 5. A gidan gomomi ya debe 2 daga 5, ya sami 3. Ga 35 ta fito.

Kun ga abin da ya bayyana? Yaran nan tunani suka yi. Wata ƙa'ida suka ƙirƙira wa kansu, cewa kullum ƙarami ake cirewa daga babba. Wanda ya gano wannan ya gano cutar, saura magani.

Sai a shiga tsara darasin gyara. Wata malama ta ce, "Ai yaran nan 'ya'yan kasuwa ne. Wanda ke taya uwarsa tsaron rumfa a Makola ko a kasuwar Nima ranar Asabar, ba mai cutarsa a canji." Sai a yanke shawara a yanka takardu a yi kuɗin wasa. A ba yaro takardun sidi goma-goma guda biyar da ƙwandalolin sidi ɗaya guda biyu, a ce ya biya sidi 27. Zai miƙa goma biyu, ya duba ƙwandalolinsa ya ga biyu ne, bakwai ake nema. Ba sai an gaya masa ba, da kansa zai ce a yi masa canjin goma ɗaya. Ƙwandaloli sun zama 12, ya ba da 7, saura 5. Takardun goma saura biyu. Ya ƙirga abin da ke hannunsa: 25. Abin da ya gagara a allo mako biyu, hannunsa ya riga ya san shi tun daga rumfar uwarsa. Malamin da ke jin Hausa kuma sai ya rubuta wa abokan aikinsa kalmomi uku ko huɗu da za su jefa a cikin darasin: canji, saura, biya, nawa.

Aiki bai ƙare a nan ba. Malama ɗaya za ta koyar da darasin, ɗaya ko biyu su shiga su tsaya a gefe. Idonsu yana kan yara: wa ya fara neman canji, wa ya tsaya yana kallon maƙwabcinsa, a wace gaɓa yarinyar da ke kujerar baya ta aje fensirinta. Mako mai zuwa a dawo da littattafan, a sake ba da lissafi irinsa, a ga ko 35 ta ragu. In ta ragu, alhamdu lillahi, a rubuta darasin a aje wa malamin baɗi. In ba ta ragu ba, a sake zama. Wannan zagaye, a tsara tare, a koyar, a duba, a gyara, shi ne ruhin al'amarin gaba ɗaya.

Za mu ɗan shaƙata, mu dawo.

(Kiɗa)

Madalla. Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirin faɗakarwa kan karatun 'ya'yanmu, muna magana a kan zaman da malamai ke yi don gyara koyarwarsu.

Wannan hanya ta daɗe a duniya. Malaman firamare na Japan sun fi shekara 100 suna bin ta. A can malamai sukan ɗauki makonni suna tsara darasi guda, ranar koyar da shi abokan aiki su cika bayan aji da takardun rubutu, kowa yana bin amsoshin yara. Sukan tsara rubutun allo yadda ba sai an goge ba har ƙarshen darasi, don a ga yadda tunanin aji ya tafi daga farko zuwa ƙarshe. Duniya ta ƙara waiwayar wannan tsari bayan 1999, lokacin da wasu masana biyu na Amurka, James Stigler da James Hiebert, suka fitar da littafi da ya kwatanta yadda ake koyar da lissafi a Japan da Jamus da Amurka. Nan Gana ma ba baƙo ba ne. Tun shekarar 2000 hukumar JICA ta Japan ta fara aiki da Hukumar Ilimi kan koyar da lissafi da kimiyya a wasu gundumomi, daga 2009 kuma aka faɗaɗa horon malamai na cikin makaranta da na rukunin makarantu zuwa ƙasa baki ɗaya. Zambiya ma ta rungumi tsarin tun 2005.

Mu kuwa da muka tashi a gaban allo da tawada, mun san irinsa a gidanmu. Ku tuna musaffa. Alarammomi ne, kowannensu ya haddace Alƙur'ani, wani ma ya rubuta shi da ka. Duk da haka sukan zauna a da'ira, wannan ya ja, saura su saurara. In harshe ya zame a wasali ɗaya, na kusa ya gyara, mai karatu ya koma ya ɗauka daidai, a ci gaba. Ba wanda ke tashi ya yi fushi don an gyara masa, domin kowa ya san abin da ake tsarewa ya fi girman kowa a wurin. Wannan ladabi shi ake nema a zaman malaman boko. Iyayenmu mata kuma su tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Jajis ɗinta, matan da ke koyar da mata a ƙauyuka, sukan dawo wurinta su ƙara ilimi su kuma kawo matsalolin da suka tarar, sannan su koma. Tun a wancan zamani an gane cewa mai koyarwa ma yana buƙatar inda zai je a ƙara masa.

To, me ke ɓata wannan zama? Dole mu faɗi gaskiya, domin sa shi a jadawali daban, cin amfaninsa daban.

Abu na farko, zaman yakan rikiɗe ya koma taron sanarwa. A karanta takardar da ta zo daga ofis, a yi maganar kuɗin gudummawar biki ko rasuwa, a sa hannu a rajista, a watse. Majalisar malamai ta ƙasa, NTC, wadda ta fara jarrabawar lasisin koyarwa a 2018, tana neman malami ya tara maki na ƙarin horo kafin ya sabunta lasisinsa. Wannan tsari ne mai kyau, amma idan sa hannu ya zama shi ne manufa, an sami maki, yaro kuma yana nan da 35 ɗinsa. Ma'auni ɗaya nake ba hedimastocinmu: duk zaman da aka tashi ba a buɗe littafin yaro ko ɗaya ba, to ba a yi zaman ba.

Na biyu shi ne kunya da tsoro. Mu mutane ne masu girmama na gaba, kuma wannan abin alfahari ne. Sai dai malamar da ta fito kwaleji bara ba za ta iya buɗe baki ta ce wa wanda ya shekara 25 yana koyarwa, "Baba, ga inda yara suka ɓace" ba. Shi ma ƙaramin malami yana tsoron ya ce wani darasi yana ba shi wuya, kada maganar ta koma ofis. Maganin wannan yana hannun manya. Babban malami ya fara kawo darasinsa a duba. Hedimasta ya tabbatar abin da aka faɗa a zaman ba zai zama makamin hukunta kowa ba. A kuma gyara yadda ake magana: maimakon "ba ka koyar da kyau ba", a ce "na ga yara biyar na layin taga sun tsaya a nan, me muke ganin ya tsayar da su?" Idan magana tana kan yaro, zuciyar malami ba ta tashi. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Na uku gajiya ce. Malamin da ya fito tun asuba daga Kasowa ko Ashaiman, ya sha cunkoson hanya, ya wuni tsaye a gaban aji cike maƙil, in aka ce ya ƙara awa ɗaya, sai da dalili mai ƙarfi zai ba da zuciyarsa. Dalilin kuwa shi ne ya ga zaman yana rage masa wahala: ya fita da darasin gobe a shirye, da kayan koyarwa da aka haɗa tare. Jami'an da ke zagaya makarantu, waɗanda ake kira SISO, su riƙa zama a cikin zaman suna taimakawa, kada aikinsu ya tsaya a duba rajista.

Akwai kuma waɗanda ake mantawa da su. Tun 1987 aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Gana, wanda ya sa makarantunmu da yawa suka haɗa boko da Larabci a haraba ɗaya. A irin waɗannan makarantu malamin Larabci yakan san yaro, ya san gidansu, ya san kakansa. Ya san yaron da ake cewa ba ya ja a boko, alhali ya haddace izu biyar. Yaron da ya iya wannan ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take, hanyar shiga ce ba a samu ba. Ya kamata a ja wa Ustaz kujera a zaman mako. Shi ma zai ƙaru da dabarun tsara darasi da auna fahimta, su ma za su ƙaru da sanin yaran da yake da shi. Haka nan makarantu masu zaman kansu da suka cika lungunanmu, inda matasa da yawa ke koyarwa ba tare da sun shiga kwalejin horon malamai ba. Su ne ma suka fi kowa buƙatar wannan zama. Mai makaranta, awa ɗaya da za ka ba malamanka ba asara ba ce, ita ce za ta fito a sakamakon jarrabawar BECE ta ɗalibanka.

Malamanmu na makarantun allo da na Islamiyya, masu karantarwa da yamma da ranakun Asabar da Lahadi, Allah ya gafarta malam, wannan kira har da ku. Ba sai gwamnati ta rubuto takarda ba. Malaman unguwa ɗaya za su iya haɗuwa sau ɗaya a wata bayan la'asar, kowa ya kawo abin da ke ba yaransa wuya. Wane harafi ne ke rikita su? Me ya sa wani yaro ya daɗe a babbaƙu bai shiga farfaru ba? Wace dabara wani ya gwada ta yi aiki ba tare da bulala ba? Ilimin nan yana nan a warwatse a ƙirjin malamanmu, haɗa shi wuri ɗaya ne ya rage.

Yanzu gare ku, iyaye. Na san yadda ranar 'yar kasuwa take. Kin fita kafin gari ya waye don ki tari kaya, ba ki dawo ba sai bayan magariba, ga girki, ga gajiya. Ba a ce ki zama malama ba. Abu uku kawai nake roƙo.

Ko sau ɗaya a mako, ki ce wa yaro ya kawo littafin aikinsa. Ko ba ki karanta Turanci ba, kin san lissafi fiye da yadda kike zato, domin da shi kike ci da gidanki. Ki ce ya nuna miki yadda ya yi ya sami amsarsa. Yaron da ya iya bayyana hanyarsa ya gane, wanda ya kasa kuwa kin gano wurin da za ki kai wa malaminsa.

Sannan ki gaya wa malami abin da ba zai iya gani daga aji ba. In yaro yana makara saboda yana kai miki kaya tasha, ko yana gyangyaɗi saboda tallan dare, ko kunnensa ba ya ji sosai, faɗa masa. Wannan labari yana shiga zaman malamai, ya canza yadda za su ɗauki yaron.

Na uku, Alhaji, wannan naka ne da Hajiya duka: ku je taron iyaye da malamai, ku je taron duba ƙoƙarin makaranta da ake kira SPAM, ku shiga kwamitin kula da makaranta. In kun je, bayan maganar gini da kujeru, ku yi tambaya cikin ladabi: malamanmu suna yin zamansu na mako? Wane darasi suka gano yana ba yaranmu wuya a wannan zango? Me suka shirya a kai, mu kuma da me za mu taimaka? Malamin da ya ji iyaye suna irin wannan tambaya ya san aikinsa yana da masu lura da shi, yana da masu ganin ƙimarsa. Limamanmu da sarakunan Zango su ma su sa baki, su tuna wa jama'a a masallaci da wurin suna da ɗaurin aure.

Malamai, mun san nauyin da kuke ɗauke da shi, mun kuma gode. Roƙonmu gare ku shi ne, a zamanku na wannan mako kowa ya zo da littattafan yara uku: na wanda ya gane, na wanda ke tsaka-tsaki, da na wanda ya ɓace. Ku zaɓi kuskure ɗaya, ku bi sawunsa, ku tsara darasi ɗaya a kansa, ku sa ranar da za ku dawo ku duba. Kuskure ɗaya a mako, in aka dage, kafin shekara ta zagayo an tsamo yara masu yawa da da an bar su a baya.

A nan za mu dakata. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba karatun 'ya'ya mata a Zango da abin da ke tsayar da su bayan ƙaramar sakandare. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya buɗe ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu, ya ba mu ikon sauke amanarsu.

(Kiɗan rufe shiri)